Sabara da Kalgo, Masu Rainon 'Ya'yan Itatuwa

 Jama'a masu sauraro, ga shirinmu na noma da muhalli. Ina gaida manoma, ina gaida makiyaya, ina gaida iyayenmu mata da ke shiga daji neman itacen girki, domin maganar yau ta shafi kowa a cikinku. Wanda yake kusa da rediyo ya ɗan ƙara murya, mai maƙwabci ya kira maƙwabcinsa.

Yau maganarmu a kan gajerun itatuwan nan ne da ba mu ɗauke su a bakin komai ba: sabara, kalgo, geza, anza, dundu, da magaryar da ta cunkushe a ƙasa ba ta tashi ba. Su gatari ke fara ci idan lokacin sharar gona ya zo. Su kuma ake fara kawarwa duk ranar da aka ce za a yi dashen itatuwa, a share fili tas, a haƙa ramuka a jere, a dasa, a yi addu'a, a watse. Bayan shekara guda a dawo a tarar da ramukan babu komai. Abin da nake so mu fahimta yau shi ne, a ƙasa mai ƙarancin ruwa irin tamu, ɗan itacen da ya tashi a gindin sabara ko kalgo ya fi wanda aka dasa a tsakiyar fili samun damar rayuwa. Abin da muke sarewa domin mu ba dashe wuri, sau da yawa shi ne zai raine shi.

Mu fara da tambayar abin da ke kashe ɗan itace. Da yawa za su ce ƙishirwa, kuma gaskiya ne, amma ba ita kaɗai take aiki ba. A Katsina, ko Maraɗi, ko Damagaram, damina wata uku ce zuwa huɗu. Ɗan itacen da aka dasa a watan Yuli yana da wata biyu ko uku kacal na ruwan sama. Daga Oktoba sama ta ɗauke, sai kuma Yuni mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Cikin waɗannan watanni bakwai ko takwas, saiwarsa ba ta riga ta kai inda laima take ba, ganyensa kuwa kullum fitar da ruwa yake yi. Hunturu ya zo da busasshiyar iska daga arewa maso gabas, ta tsotse ɗan abin da ya rage. Hunturu na wucewa, bazara ta kama. A watan Afrilu da Mayu, fuskar rairayin da babu inuwa a kansa takan wuce digiri 50 da tsakar rana. Duk wanda ya taɓa taka jigawa babu takalmi da azahar ya san abin da nake faɗa. To, wuyan ɗan itace, wato daidai inda kara ya haɗu da ƙasa, cikin wannan zafin yake wuni. Ɓawonsa bai yi kauri ba, sai ya ƙone ta nan, ka ga ɗan itace ya kwanta alhali akwai sauran laima a ƙarƙashinsa. Idan ya tsallake wannan, ga iskar farkon damina mai tasowa daga gabas, tana kwaso rairayi tana sheƙa masa, ta yayyaga ganye, wani lokaci ta binne shi ɗungurum yadda take yi wa sabon tsiron gero.

Sannan ga akuya. A watan Maris daji ya bushe, dabba tana jin yunwa, ta hango ɗan kore guda ɗaya a tsakiyar fili. Babu abin da zai hana ta zuwa, kuma cizo biyu sun isa su gama da aikin shekara.

Yanzu mu ɗauki wannan ɗan itacen mu kai shi gindin sabara, mu ga abin da zai sauya.

Abu na farko inuwa. Sabara da kalgo suna riƙe ganye har cikin rani sosai, lokacin da ciyawa ta daɗe da ƙarewa. Inuwarsu ba ta da duhu irin ta tsamiya, tana barin haske ya ratsa, amma ta isa ta sauko da zafin ƙasa. Ka sa tafin hannunka a kan rairayin fili, sannan ka sa shi a ƙarƙashin kalgo, ba ka buƙatar na'ura kafin ka ji bambanci. Ƙasar da ba ta yi zafi ba tana jinkirin bushewa, ganyen da rana ba ta doka kai tsaye ba yana rage zubar da ruwa. Iska ma idan ta zo, rassa ne ke karya ƙarfinta. Shi ya sa kuke ganin ɗan tudun rairayi a gindin kowace tsohuwar sabara. Wannan tudun ba sabarar ce ta zaɓe shi ta tsiro a kai ba, ita ce ta tara shi. Duk ƙurar da iska ta kwaso daga gonakin da aka share, da guntun karmami, da busasshen ganye, da kashin awaki, idan sun iso gindinta sai su tsaya. Kuma ƙurar nan da iska ke ɗauka ita ce mafi laushi, mafi albarka a cikin ƙasar gona.

Shekara da shekaru ana wannan tari, ita ma sabarar tana zubar da ganyenta a kai. Gara ta zo ta ci, ta huda ƙasa da ƙananan ramuka, ruwan sama ya samu hanyar shiga maimakon ya gudu. Wani bincike da aka yi a kudu maso yammacin Nijar, aka wallafa a shekarar 2000, ya auna ƙasar ƙarƙashin gajerun itatuwan gonakin gero, ya kwatanta ta da ƙasar fili da ke 'yan taku kaɗan daga wurin. Ta ƙarƙashin itatuwan ta fi yawan ruɓaɓɓen ganye da sinadaran da tsiro ke ci. Manomi bai jira bincike ba kafin ya san wannan. Kowa ya sha ganin yadda geron da ke kewaye da kututturen sabara yake fin na sauran gona tsawo da duhun ganye.

Akwai wani abin da ba a cika lura da shi ba. Kafin a yi maganar raino, sai iri ya iso wurin tukuna, kuma gindin gajeren itace shi ne masaukin iri. Tsuntsu ya ci 'ya'yan kanya ko na darbejiya, ba a fili yake sauka ba, kan reshe yake nema, nan yake kayar da ƙwallon tare da ɗan takinsa. Akuya ta ci kwafson gawo ko na bagaruwa, ta zo kiwo gindin kalgo, ta bar irin a cikin kashinta, bayan cikinta ya riga ya tausasa masa ɓawo. Ruwa ya kwaso iri daga fako, yana gudu da shi, sai ya ci karo da tudun sabara ya ajiye. A tudun da ke gabas da Yamai akwai daji mai ban mamaki wanda wannan aikin ya fito fili a cikinsa. Idan aka hango shi daga jirgin sama, layi-layi yake: layin duhuwar geza da sabara, layin fako tsirara, sannan wani layin duhuwa. Ruwan da ya sauka a kan fakon ba ya nutsewa, gangarawa yake yi har ya shiga duhuwar da ke ƙasa da shi, sai ta sha nata ta sha na fakon. Sababbin tsirrai kuwa a bakin duhuwar suke fitowa, ta gefen da ruwa ke shigowa.

Game da akuya, maganar a fili take. Ɗan aduwa ko ɗan tsamiyar da ya tsiro a tsakiyar magarya ko sarƙaƙiya yana cikin shingen da ba a kashe ko sisi wajen yin sa ba, kuma shinge ne mai rai, gara ba ta cinye shi, ba a zare shi a kai murhu. Ko wanda ba shi da ƙaya, irin sabara, yana ɓoye ɗan itace daga idon dabba, yana kuma hana kofaton shanu tattaka shi. Don Allah, duk wanda ya fita daji cikin makon nan ya gwada: ya ƙirga 'ya'yan itatuwan da ya gani tsaye su kaɗai a fili, sannan ya buɗa rassan duhuwa ya leƙa ciki ya ƙirga. Gani ya kori ji.

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan yadda gajerun itatuwa irin su sabara da kalgo suke rainon 'ya'yan manyan itatuwa a ƙasa mai fari. Yanzu za mu shiga ƙarƙashin ƙasa, inda abin da ya fi ba ni mamaki yake.

Sabara da kalgo suna da saiwa iri biyu. Akwai wadda ke nutsewa ƙasa mita da dama, har inda laima ba ta ƙarewa ko da rani. Akwai kuma ƙananan jijiyoyi da ke bazuwa kusa da fuskar ƙasa. Da rana, itacen yana jawo ruwa daga can ƙasa, ya hau da shi zuwa ganye, ya fita ta ƙananan ƙofofin da ke jikin ganyen. Da dare ya yi, waɗannan ƙofofi sai su rufe. Amma doguwar saiwa ba ta daina shan ruwa ba. To ina ruwan zai tafi? Shi ruwa a kullum daga wuri mai laima yake tafiya zuwa wuri busasshe, kuma a wannan lokacin babu inda ya kai ƙasar sama bushewa. Sai ya bi ta ƙananan jijiyoyin nan ya tsattsafo cikin rairayin da ke kewaye da su. Wato cikin dare, kowa yana barci, sabara tana ɗebo ruwa daga zurfi tana jiƙa ƙasar gindinta. Da gari ya waye ta sake shan wani sashe, amma duk wani tsiron da saiwarsa ke wurin shi ma ya samu rabonsa. Albarkacin kaza, ƙadangare kan sha ruwan kasko.

Wasu masana biyu ne suka fara auna wannan a fili a jihar Utah ta Amurka, a shekarar 1987, a jikin wani gajeren itacen hamadar can. Daga baya aka tabbatar da shi a jikin sabara da kalgo namu, a ƙasar Senegal. A wani gwaji da aka yi kusa da garin Thiès, wanda aka wallafa a 2018, masana daga Amurka da Senegal sun ɗura ruwa mai wata alama ta musamman a cikin saiwar sabara, can a zurfin da ya wuce mita ɗaya, inda saiwar gero ba ta kai ba. Tsakanin sa'a 12 zuwa kwana 4, sai ga alamar ta bayyana a jikin geron da ke kusa. A wannan gwajin an hana gonar ruwa da gangan domin a kwaikwayi fari, kuma geron da ke tare da sabara ya ninka wanda babu sabara a wurinsa girma fiye da sau tara. Gero aka auna a nan, ba itace ba. Amma ruwan a cikin ƙasa yake zuba, bai san saiwar gero ba, bai san ta ɗan gawo ba. Kada kuma wani ya ɗauka ruwan yana da yawan da za a gan shi da ido. Ɗan kaɗan ne. Sai dai ga ɗan itacen da ke tsakanin rai da mutuwa a watan Afrilu, wannan ɗan kaɗan ɗin, kowane dare, shi ne zai riƙe jijiyoyinsa kada su bushe kafin ruwan farko. Yana kuma riƙe ran ƙananan halittun cikin ƙasa da ido ba ya gani, waɗanda ke ruɓar da ganye su mayar da shi abincin tsiro.

A wannan yanki na Thiès ɗin dai, manoman wani ƙauye ne suka riga masana. Su da kansu suka fara dasa mangwaro a cikin gindin kalgo. Da masana suka ji labari suka zo suka auna, sakamakon ya fito a 2015: ƙasar da mangwaro da kalgo ke zaune tare ta fi ƙasar fili yawan halittu masu amfani da abincin tsiro. Ina son wannan labarin domin kalgon nan dai shi ne namu, wanda muke ɓare ɓawonsa mu yi igiya, mu ba dabbobi kwafsonsa. Babu abin da manomin Senegal yake da shi a nan wanda manomin Gumel ko na Tasawa ba shi da shi.

Bari mu tsallaka teku kaɗan. A kudancin Sifaniya, ƙasar da tarihi ya sani da Andalus, akwai duwatsun Sierra Nevada kusa da birnin Giranada. Su raninsu a watannin Yuni zuwa Satumba yake, da zafi da fari mai tsanani, kuma shi ke kashe musu dashe. Shekaru da yawa al'adar ma'aikatan gandun daji a can ita ce a tumɓuke gajerun itatuwa kafin a dasa, wai kada su yi gasa da dashe. Daga 1997 zuwa 2001, masana a jami'ar Giranada suka dasa 'ya'yan itatuwa sama da 18,000, iri 11, wasu a fili, wasu a ƙarƙashin gajerun itatuwa iri 16. Sakamakon ya fito a 2004. A mafi yawan wurare, waɗanda ke ƙarƙashin gajerun itatuwa sun fi rayuwa, sun fi girma. Abin da ya fi shafarmu shi ne inda amfanin ya fi yawa: a gangaren da ya fi shan rana, a wurin da ya fi bushewa, kuma a shekarar da ruwa ya yi ƙaranci. A wuri mai sanyi da laima amfanin ya ragu. Wato gwargwadon tsananin wuri, gwargwadon buƙatar mai raino. Ƙasarmu kuwa tana cikin masu tsanani.

Wannan binciken ya nuna wani abu kuma da bai kamata in ɓoye muku ba. Ba kowane gajeren itace ne ya taimaka ba. Akwai dangi guda a cikinsu da dashe ya fi mutuwa a ƙarƙashinsa. Shi ma mai raino yana da ciki, yana shan ruwa, yana cin taki, yana tare haske. A fadama, ko a kudu inda ruwa ya wadata, gasar takan rinjayi taimakon, duhuwa ta danne ɗan itace ya tashi siriri babu ƙarfi. Ko a nan arewa, itace mai son rana irin gawo ba zai ji daɗin tsakiyar duhuwa ba, bakinta ya fi masa. Gindin duhuwa kuma maɓoyar ɓera ce da kurege da zomo, masu cin iri da ɗanyen tsiro. Ciyawa ma ta fi yawa a wurin, don haka idan gobarar daji ta zo, wutar nan ta fi ƙarfi. Duk waɗannan gaskiya ne, kuma duk suna da magani a hannun manomin da ke zagaya gonarsa. Babu ɗaya a cikinsu da ya kai hatsarin barin dashe tsirara a rana.

Raino kuma yana da ƙarshe. A hamadar Sonora, tsakanin Amurka da Meziko, akwai wani tsiro mai ƙaya marar ganye da ake kira saguaro, wanda kan kai mita 12 tsawo, ya rayu shekara 150 ko fiye. A shekarunsa takwas na farko tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba, kuma da wuya ya rayu sai a inuwar wani itace. Idan ya girma, saiwarsa takan shanye ruwan wurin, sau da yawa itacen da ya raine shi ya mutu. Mu a nan Allah Ya sauƙaƙa mana, domin sabara da kalgo ba sa mutuwa da sara. Ka datse su har ƙasa, su sake toho daga kututture. Don haka manomi na iya rage su lokacin da ɗan itace ya kama ƙasa, ba tare da ya rasa su ba.

Maganar kututture ta kawo mu Maraɗi. A shekarar 1983, wani malamin gona ɗan ƙasar Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ya gaji da dashen da ke mutuwa, ya duba ɗaya daga cikin 'yan duhuwoyin da ke warwatse cikin gonaki, ya gane cewa tohon babban itace ne da aka sare, saiwarsa na nan da rai a ƙasa. Daga nan aka fara abin da ake kira sassaben zamani: maimakon a sare toho duka a cinna wuta, sai a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a rage sauran. Bayan yunwar 1984 abin ya bazu daga gona zuwa gona. Masu bincike sun ƙiyasta cewa kadada miliyan 5 ta farfaɗo a jihohin Maraɗi da Damagaram, da itatuwa wajen miliyan 200, mafi yawansu ba dasa su aka yi ba. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta duniya a kan wannan aiki, a 2020 kuma gwamnatin Nijar ta fitar da dokar da ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan itacen da ya raina a gonarsa. Wannan dokar tana da nauyi, domin mutum ba ya wahala a kan abin da yake tsoron a ce ba nasa ba ne. Sassaben zamani yana tayar da itacen da kututturensa yake nan. Amma akwai itatuwan da suka ɓace daga gonakinmu har kututture, irin su ɗorawa da kanya da ɗinya da ƙirya a wurare da yawa. Waɗannan sai an dawo da su daga iri, kuma a nan ne gindin sabara da kalgon da aka bari zai yi aikinsa na biyu.

To yaya za a yi? Malam manomi, aikin yana farawa tun da bazara, kafin ruwa ya sauka. Lokacin sharar gona, ka zaɓi gindin sabara ko kalgo masu ƙarfi, waɗanda suka tara tudu, ka bar su. Kafin ka ɗora gatari a kan kowace duhuwa, ka buɗa ka duba, domin mai yiwuwa akwai ɗan itacen da ya riga ya tsiro a ciki, kuma wanda ya tsiro da kansa ya fi duk wanda za ka sayo ƙarfi. Idan za ka rage rassa, ka rage, amma kada ka tara su a kan kututture ka cinna wuta. Wutar tana cinye ganyen da zai zama taki, tana kashe irin da ke kwance a wurin. Ka sassare rassan ka shimfiɗa su a ƙasa. Sannan ka zo da azahar ka tsaya ka ga ta ina inuwar take faɗuwa, ka sa alama. Nan ne wurin raminka.

Kada ka yi gaggawar dasawa da ruwan farko. Ka bari damina ta zauna, ƙasa ta jiƙu sosai. Ka haƙa ramin a bakin inuwa, inda ƙarshen rassa ya kai, ba a jikin kututture ba inda saiwa ta cunkushe. Idan dashen leda ne, ka cire ledar, ka duba saiwar, idan ta naɗe a gindi ka datse wurin naɗin domin ta miƙe ƙasa. Idan kuwa iri za ka shuka kai tsaye, wanda ya fi arha kuma saiwarsa ke nutsewa ba tare da tangarɗa ba, ka tuna cewa irin gawo da bagaruwa da kuka suna da ɓawo mai tauri. Ka ɗan kankare gefe guda, ko ka zuba musu ruwan zafi ka bar su su kwana a ciki. Ka sa uku ko huɗu a rami saboda ɓera, daga baya ka bar mafi ƙarfi. Gefen da ke buɗe ka toshe shi da ƙaya. Da kaka, ka cire busasshiyar ciyawar da ke kewaye saboda wuta. Duk shekara ka riƙa rage rassan da suka rufe kan ɗan itacen, har ranar da ya zarce mai rainonsa tsawo, bakin akuya ya daina kai wa ga kansa.

Na san abin da wani zai ce: gonata ƙarama ce, sabara za ta cinye mini wuri, garmar shanu ba za ta wuce ba. Wannan damuwa ce ta gaskiya, ba na musun ta. Amma ba a ce ka bar gona ta koma daji ba. Da damina ana datse sabara ta yi ƙasa, gero ya samu haske, sai a bar 'yan rassa a gindin da ke rainon dashe kawai. Idan kana huɗa da shanu, ka bar waɗanda suka dace da layin kunya da na kan iyaka. Gindi goma a gona guda ba zai hana ka damin hatsi ba.

Iyayenmu mata, na san itacen girki yana ƙara nisa kowace shekara, kuma ba don son rai kuke saran sabara ba. Roƙona shi ne a sari reshe a bar kututture, kada a haƙo saiwa. Wanda aka sare zai dawo baɗi, wanda aka tono ya tafi ke nan. 'Yan uwanmu makiyaya, ku kuka fi kowa sanin darajar kwafson gawo da na kalgo a tsakiyar rani. Idan yaro ya kora garke ya ga gindin da aka kewaye da ƙaya, a koya masa ya ratse. Gawon da ke ciki, shanunku ne za su ci 'ya'yansa.

Ga kuma masu shirya dashe na hukuma da na ƙungiyoyi. A Nijar tun 1975 ake dashen itatuwa kowace ranar 3 ga Agusta. Tarayyar Afirka ta amince da shirin babbar koriyar ganuwa a 2007, Najeriya ta kafa hukumar aiwatar da shi a 2015 domin jihohi 11 na arewa. Ana kashe kuɗi da ƙarfi masu yawa, kuma niyyar mai kyau ce. Abin da nake roƙo shi ne a daina tura mota ko 'yan ƙwadago su share fili kafin a dasa. A bi gajerun itatuwan da ke wurin a dasa a gindinsu, ko da layin bai miƙe ba. Inda fili ya zama fako babu ko tsinke, a fara da mai raino: a farfasa ƙasa yadda za ta tare ruwa, a shuka kalgo da sabara da magarya, bayan sun kama a kawo manyan itatuwa. Sannan a daina ƙirga dashe ranar da aka dasa shi. A dawo a watan Mayu, bayan ya ga rani guda, a ƙirga wanda ke da rai.

Jama'a masu sauraro, lokaci ya yi mana halinsa. Kafin mu rabu ina roƙon kowane mai gona abu guda a wannan shekara: ka bar gindin sabara ko kalgo biyar, ka sa ɗan itace a bakin inuwar kowanne, ka sa wasu biyar a fili, ka kula da su daidai wa daida. Baɗi da bazara ka ƙirga, ka kira maƙwabtanka su gani, ka kuma aiko mana da labarin abin da ka samu domin mu karanta wa sauran manoma. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kare mu daga fari. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.